Ina neman shawara kan sola: pano nawa, kuma wane batir zai riƙe mini dare a zafin Garwa?

Baban Hafsa, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar sola ku matso kusa. Ina zaune ne wajen Yelwa, kuma duk ɗan Garwa ya san abin da muke gani da zarar ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya wajen Maris da Afrilu, a ɗauke wuta da la'asar sai asuba ka ganta ko ma kar ka ganta, ga zafi ya haura 40, yara ba barci mu ma ba barci. Gurup ɗin (janareta) da nake kunnawa ya gama cinye ni wlh, kullum sai na sayi zuwa-zuwa, man fetur na bakin titi, ga ƙara maƙwabta na ta tsaki ta bayan katanga.

Abin da nake so ya ɗauka: fanka 3, ƙwan wuta kamar 8, tele da dikoda, cajin waya, sai kwanjilato (firiza) na maman Hafsa da take sa folere (zoɓo) da ƙanƙara na sayarwa, shi ne ma babba don da shi ake rabin cefanen gidan. Na tara kamar sefa dubu 900. Na shiga shago biyu a kasuwa, na farko ya ce pano 4 da batir jel 2 masu 200Ah sun ishe ni har klim, na'urar sanyaya ɗaki, ma zan kunna, na biyun ya ce kar in kuskura in sayi komai sai lithium. Kowa kayan shagonsa yake yabo, ni kaina ya ɗaure. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Mai Sola Domayo, Marwa:

Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Wancan mai maganar klim ɗin kar ka sake komawa shagonsa. Ni aikina ke nan, kuma kuskuren da kowa ke yi shi ne fara tambayar pano nawa, alhali rana ba ita ce matsalarmu ba a arewa, muna da ita har ta yi yawa, shi ya sa ma aka kawo manyan tashoshin solar nan na Marwa da Gider, megawat 36 su biyun lokacin da aka kafa su. Matsalar dare ce. Ɗauki biro mu yi lissafi.

Fanka irin ta silin tana jan kamar wat 60, uku sau awa 10 ya ba ka wat-awa 1800, wato wat sau awa. Ƙwai 8 masu wat 10 na awa 5, 400. Tele da dikoda a ce wat 80 na awa 5, wani 400 ɗin. Waya ka sa 100. Ka ga dare kaɗai ya ci 2700 ba a taɓa kwanjilato ba, sannan inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, ita ma tana cin nata kason kamar 10 zuwa 15 cikin ɗari, to ka ƙaddara 3000.

Yanzu batir jel mai 12V 200Ah a takarda wat-awa 2400 ne, wato 12 sau 200, amma rabi kawai ake ci idan ana son ya yi rai, wato 1200. Biyun da ya ce maka 2400 ke nan, ba su kai ka asuba ba, wajen ƙarfe 3 inbata za ta fara kuka, idan kuma ka matsa musu kullum suna sauka ƙasa ka kashe su da hannunka. Lithium irin LiFePO4 kana iya cin 80 zuwa 90 cikin ɗari ba abin da zai same shi, kuma yana ɗaukar caji da saukewa sau dubbai inda jel ke ƙarewa a ɗaruruwa. Mai 25.6V 100Ah yana riƙe 2560, babban mai 51.2V 100Ah kuma 5120.

Da kuɗinka ba na jin za ka kai babban tare da sauran kaya, to ga dabara. Canza fankokin zuwa masu DC, masu aiki da wuta irin ta batir, suna jan wat 20 zuwa 30 kawai, nan take 1800 ya koma 900 ko ƙasa da haka. Kwanjilato kuma ya yi aikinsa da rana tun daga ƙarfe 8 har la'asar kai tsaye daga pano, da magariba a kashe, a daina buɗe shi barkatai, ƙanƙarar da ke ciki ita ce batir ɗinsa har safe. Da haka ƙaramin lithium ɗin zai kai ka asuba. Pano kuwa 3 masu wat 550 sun wadatar, ka lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi, ka cire kamar kashi 30 saboda zafi da ƙura da waya. Eh zafi yana rage wa pano ƙarfi, mutane ba sa yarda in na faɗa, amma wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, a kan kwanonka kuwa tsakar rana yana haura 60. Regilata, mai daidaita cajin batir daga pano, ka sa irin MPPT, kar ka yarda da irin PWM a kan manyan panon nan, asara ce. Inbata kuma ta zama mai tsabtacacciyar wuta wadda masu shago ke ce wa pur sinus, saboda injin kwanjilato yana fizgar ninki uku ko fiye lokacin tashi, mai arhar nan tana sa shi gurnani yana zafi har ya ƙone.

Maman Abba, Marwa:

Baban Hafsa ka ji maganar malamin nan, ni na riga na sha. Bara waccan maigida ya sa mana jel guda 4, mai haɗawar ya ce a ajiye su a sito don kar yara su taɓa, siton nan kuwa rufin kwano ne ba silin ba taga, da rana in ka shiga ɗauko gero sai ka fito kamar an tsamo ka daga rijiya. Wata shida na farko lafiya lau har ina yi wa maƙwabta cajin waya kyauta, daga nan aka fara, ƙarfe 4 ya mutu, ƙarfe 2 ya mutu, ƙarshe ko labaran ƙarfe 8 da rabi ba ma gamawa. Ranar da na leƙa na ga biyu cikinsu sun kumbura kamar burodi, gefen ya turo waje har murfin ya ɗan tsage, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da muka koma shago sai ce mana ya yi garanti wata shida ne kuma baki da baki aka yi, ba faktir (rasit) ba komai. Wata 14 kacal kuɗin nan suka tafi. Duk abin da za ka saya a rubuta maka garanti a takarda da tambarin shago, kuma ka nema wa batir ɗaki mafi sanyi a gidan ko da kai za ka koma tsakar gida da tabarma. Sannan ka faɗa wa maman Hafsa ta riƙa sa kayanta tun da sassafe, folere mai ɗumi kar ya shiga kwanjilato sai ya huce.

Dan Logon, Kusiri:

Ni dai ban yarda a ce lithium ko ba komai ba. Nan wajenmu kaya na shigowa ta ko'ina, ta Najeriya, ta gadar Ngeli daga Njamena, daga Duwala ma, kuma na ga lithium ɗin da aka buɗe aka tarar tsofaffin sel ne aka jera a sabon akwati mai sheƙi, an manna masa 100Ah alhali ko 60 bai kai ba. Aƙalla batir mai ruwa dogon nan na tubula in ka kula da shi kana ƙara masa ruwan batir duk wata biyu zai yi maka shekaru, kuma shi ba ya ƙarya a kan sikeli, dalma ce a ciki, na gaske mai 200Ah yana kai kilo 55 zuwa 60 ko fiye, in ka ga yaro ɗaya ya sunkuce shi ya ɗora a moto ba nishi to ka san iska ka saya. Abin da zan ce in lithium za ka yi, ka nemi mai allo ko mai haɗuwa da waya ta Bluetooth ka ga kowane sel da idonka, kuma a yi gwaji gabanka, a cika shi a ɗora masa kaya mai wat 500 a ga awa nawa zai yi, mai 2560 ya kamata ya haura awa 4. Mai shagon da ya ƙi gwaji ka san da walakin.

Mai Sola Domayo, Marwa:

Dan Logon maganar jabu gaskiya ce ban musa ba, gwajin nan ma ni kaina haka nake yi. Amma batir mai dalma ko jel ko mai ruwa, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa kusan biyu, abin da ya cinye na Maman Abba ke nan. Mai ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ba a kwana da shi a ɗaki rufe. A gida mai yara ni ba na sa shi.

Malam na Baladji, Gaundare:

Ku mutanen Garwa da Marwa zafi kawai kuke tunawa. Mu nan kan tudu sanyi muke da shi batir na jin daɗi, amma tsawa ce ke mana ɓarna, tawa inbatar tsawa ɗaya ta aika ta lahira a watan Agusta. A kafa ƙarfen ƙasa da kyau a haɗa firam ɗin pano da shi, a sa abin kare tsawa da fiyus tsakanin batir da inbata, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kuma iskar farkon damina in ta taso tana ɗaga kwano balle pano mai tsawon fiye da mita 2, a ɗaure shi da noti a jikin katakon rufi, ba da waya ba yadda wasu ke yi.

Baban Hafsa, Garwa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Maman Abba Allah ya mayar da alheri. Na nuna wa uwargida lissafin, kashe kwanjilato da dare ne bai kwanta mata ba, ta ce cinikin ƙanƙara bayan magariba ya fi, musamman in azumi ya zo. Mun yi da ita za ta riƙa kwashe na sayarwa a kula tun kafin magariba. Tambaya ɗaya ta rage mini Mai Sola, rufina gabas da yamma ya kalla, kuma ƙurar hunturu fa, sau nawa ake wankewa?

Mai Sola Domayo, Marwa:

A yi masa ƙafa da ƙarfe ya kalli kudu, karkata kaɗan kamar digiri 10 zuwa 15 tunda Garwa ba ta da nisa da tsakiyar duniya, kar a kwantar da shi shamal don ruwa ya riƙa gangarewa da datti, kuma a bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninsa da kwano iska ta riƙa ratsawa. Ka duba kar inuwar darbejiya ko tankin ruwa ta faɗo ko a kusurwa ɗaya, tana jawo layin duka ƙasa. Lokacin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu sau ɗaya a sati, da ruwa zalla da tsumma mai laushi ba omo, da asuba ko bayan rana ta faɗi, kar a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya gasu da tsakar rana. Kuma kar ka tura yara sama, kai za ka hau. Turo min hoton takardar da ke manne bayan kwanjilato ɗin in ga wat nawa ne kafin ka sayi inbata.