Hitar gas bayan ta shafe damina a kashe: me kuka tarar?

Mai kiwon kaji, Jos:
Salamu alaikum jama'a. Sanyi ya fara leƙowa, ni kuma ina jiran 'yan tsaki. Masu hulɗa da hitar gas, ta gidan kaji ce ko ta sito ko ta masana'anta, ku gaya mana abin da kuka tarar ranar da kuka fara kunna ta. Tawa dai maimakon shuɗiyar wuta sai ta riƙa ba da ja tana lilo, kafin a jima murfin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Da muka kwance, ashe zanzaro ne ya yi gini a bututun da iska ke shiga. Ɗan tsako kuwa a makon farko yana son zafi wajen digiri 32 zuwa 35, ba abin wasa ba ne.

Mai gyaran hita, Ingila:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya taimake ka da ka duba launin wutar, don jan nan alama ce gas ba ya samun isasshiyar iska, kuma daga nan gas mai guba da ake kira kabon monoksaid ke fitowa. Ba shi da wari, ba shi da launi, don haka ka riƙa barin kafar iska a ɗakin. A nan doka ce, ba mai sana'ar gyaran kayan gas sai wanda ke cikin rajistar masu aikin gas ta Gas Safe, wadda ta gaji tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Aikinmu yakan yi yawa daga Satumba, kan manyan hitocin da ake ratayewa a rufin sito.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne akwatin ƙarfen da wutar ke ci a cikinsa. Fanka tana hura iska ta jikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta shiga ɗaki, hayaƙin kuma ya bi bututu ya fita waje. To ƙarfen nan kullum yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, wata rana sai ya tsage, hanyoyin biyu su haɗu. Akwai wani sito da aka kira ni, ma'aikata na kukan ciwon kai da jiri kowace la'asar, amma in sun tafi hutun ƙarshen mako sai su warke. Manaja yana cewa lalaci ne. Na haska tocila na ga tsaga siririya kamar zare, ga sheƙar tsuntsu ta kusa toshe bututun hayaƙi. A take na rufe gas na manna takardar gargaɗi, yana ta faɗa wai ai tana aiki.

Mai gidan burodi, Kano:
Ni ba hita gare ni ba, tandar gas ce da fankar zuƙe hayaƙi. Bara yaran suka fara cewa ɗakin gashi ya yi nauyi. Fanka na juyawa, ƙara na tashi, amma in ka kara takarda a bakinta ko motsi ba ta yi. Bel ne ya saki, ragar kuma maiƙo da garin fulawa da ƙurar hunturu sun liƙe ta. Yanzu duk mako ake wanke ragar da ruwan zafi. Amma Malam na Ingila, ka ce ba shi da wari, ai mu muna jin warin gas.

Mai gyaran hita, Ingila:
Hajiya abu biyu ne. Wanda kike ji gas ne da bai ƙone ba, kuma da gangan ake zuba masa sinadari mai wari don a gane in yana tsiyaya. Wanda nake faɗa bayan ƙonewa yake samuwa, hanci ba ya kama shi. Shi ya sa a kicin ɗin kasuwanci a nan ake haɗa fanka da makunnin gas, in fanka ta tsaya gas ma ya yanke.

Ɗan'uwanku a Kanada:
Namu a kan rufin shaguna suke, injin ɗaya ne ke sanyaya wuri da bazara ya ɗumama shi da hunturu. Yawancin kiran da nake samu na cewa tana kunnuwa tana mutuwa, matatar iska ce ta toshe, zafi ya taru, maɓallin kariya ya kashe ta. In ba ita ba, ɗan sandan ƙarfen da ke gane wuta ta kama ne ya yi datti, a goge shi shi ke nan. Mai haɗe waya ya tsallake maɓallin kariyar nan, kada ku sake ba shi aiki.

Mai kaji, Maraɗi:
Mu matsalarmu da asuba ce. Tukunyar sai ta yi raɓa, wani lokaci har da farin ƙanƙara a gindinta, wuta ta yi ƙasa alhali akwai gas a ciki. Wani yarona har ya fara jawo ta kusa da garwashi, na daka masa tsawa. Mai sayar mana da gas ya ce hitar ce ke ja fiye da yadda ruwan gas ɗin ke iya zama iska cikin sanyi. Muka haɗa tukunya biyu, magana ta ƙare. Tiyo kuma rana ke busar da shi ya tsattsage. Ina shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa da wuyan regileta, inda ya yi ƙwai nan ne gas ke tsiyaya.

Mai kiwon kaji, Jos:
Na gode ƙwarai. Amma maganar barin kafar iska fa, ku yi haƙuri, ba ku san sanyin Filato ba. Mu da tampol muke rufe ɗakin ruf.

Mai gidan burodi, Kano:
Haba Alhaji, wutar da tsakin da yaron da ke kwana a ciki duk iskar nan ɗaya suke rabawa. Ka bar kafa ta sama, gas ɗin da za ka ƙara ƙonawa bai kai asarar kaji ba.

Mai gyaran hita, Ingila:
Gaskiyar Hajiya ce. In za ka sayi ƙararrawa, Alhaji, iri biyu ce, kada mai shago ya haɗa maka su. Ta kabon monoksaid a bango take zama, sama-sama, yadda takardarta ta nuna. Ta tsiyayar gas ɗin tukunya kuwa ƙasa-ƙasa ake sa ta, don ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Tukwanen ma a waje za ka ajiye su, a inuwa, tiyo kaɗai ya shiga ɗakin.