Wane suna za mu raɗa wa "hi-fi" da Hausa?

Mai buɗe zance, Yamai:
Salamu alaikum jama'a. Ina shirya ɗan bayani ga masu son sayen kayan sauraren kiɗa na gida, amma kalma ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato "hi-fi". A Katako da Babbar Kasuwa ana ce wa kayan gaba ɗaya "shen", daga faransanci, ana ce wa na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti "ampli", kuma kowa na ganewa. Waɗannan ba su dame ni ba, sunayen ƙarafa ne. Ita hi-fi sunan hali ne. Gajarta ce ta kalmar Ingilishi high fidelity, abin da Faransawa ke kira haute-fidélité, ma'ana na'ura ta dawo maka da sauti yadda aka ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Ta yaɗu a shekarun 1950, bayan fitowar faifan garmaho mai dogon zango a 1948, har Jamusawa suka kafa mata ma'auni a shekarun 1960, DIN 45500, domin kada kowane kamfani ya liƙa ta a kan abin da ya ga dama. Yau ga ta nan a jikin kowane akwatin roba mai fitilu masu walƙiya. Ina neman kalmar da in Bahaushe ya ji, zai san gaskiyar sauti ake nufi, kada ya ɗauka ƙara ce. Uku na tanada: "sauti mai inganci", "sauti garau", "sauti mai amana". Bismillah.

Ɗalibi, Jami'ar Abdou Moumouni:
Yaya, "mai inganci" a cire ta tun yanzu. Shinkafa ma mai inganci ce, siminti ma haka. Ni ina bayan "mai amana", ita ce ta bi asalin kalmar.

Tsohon mushe (malamin makaranta), Tahoua:
Ɗana, ta bi faransanci amma ba ta bi Hausa ba. Amana tsakanin mutum da mutum take, abin da anka ba ka ajiya ka maido. In ka ce wa mai shago shi ba ka rediyo mai amana, zai ɗauka wadda ba ta saurin lalacewa kake nufi. Ku duba yadda magabata sunka yi da baƙin kaya. Faifan garmaho, daga faifan kaba na rufe ƙwarya anka samo shi, don sun yi kama. Lasifika kuwa anka ce amsa-kuwwa, aikinta anka duba. Ba wanda ya buɗe ƙamus. "Garau" ta fi kusa, sai dai ta tsaya ga tsabta kawai. Murya na iya fita garau alhali an yanke mata rabin jiki, kamar yadda take fita a wayar salula: kana gane kowace kalma, amma kaurin muryar mutum babu shi. Kalmar da nike ba da shawara ita ce "sak". Muna cewa yaro ya ɗauko ubanshi sak. Sauti-sak ke nan.

Mai gyaran ampli, Katako:
Baba ya kawo magana. Ni dai ba malamin harshe ba ne, amma bari in faɗa muku dalilin da ya sa nake son kalmar da ba ta da alaƙa da ƙara. Mutum zai zo da kwali an rubuta wat 3000 ko 5000, yana murna. In ka duba da kyau za ka ga PMPO a gefe da ƙananan haruffa, lissafin talla ne kawai. Wanda ake dubawa shi ne RMS, ƙarfin da ampli ke iya riƙewa ba tare da ya shaƙe ba. Ka juya bayan na'urar ka karanta yawan kuran, wato wutar lantarki, da take ja daga bango. Abin da ke jan wat 60 ba zai taɓa ba ka 3000 ba. Kuma ko na gaskiya ne, ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, sai ka ninka kusan sau goma kunne ya ji ƙarar ta ninka. A falon gida, wat 30 zuwa 50 na gaskiya kowane gefe sun isa har maƙwabci ya aiko yaro.

Abin da ya fi kawo mini aiki shi ne haɗin da bai dace ba. Ampli an rubuta masa om 8, wato ma'aunin yadda lasifika ke tare kuran, mutum ya ɗaura lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, sun koma om 4 ke nan, suna jan kuran fiye da kima, ampli ya yi ta zafi. Haɗa da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ta toshe ramukan shan iska, sai hayaƙi. Ƙaramin ampli da aka murɗe har ƙarshe ma yana ƙona ƴar ƙaramar lasifikar nan mai fitar da siririn sauti, domin sautin da yake turawa ya riga ya karye. Mai neman sak ba ya murɗawa har can, don haka kayansa na daɗewa.

Ɗalibi:
To Baba, ai sitiriyo ma ana ce mata hi-fi a gari. Kalmar za ta ɗauke su duka biyu?

Tsohon mushe:
A'a, kowace da gidanta. Sitiriyo hanya biyu ce, hagu da dama. Kaset ɗin da Philips ta fitar a 1963 ya zo ya yi sitiriyo daga baya, amma wanda duk ya yi zamani da shi ya san shuuu ɗin da ke bin bayan waƙa. Ana iya samun baki biyu ba sak ba, ana iya samun baki ɗaya kuma sak.

Wata uwargida, Yantala:
Ni tambayata ta zaman gida ce. Maigida ya sayo kaya masu tsada, ya tura lasifikan biyu cikin kusurwa, ɗaya a bayan kujera, ɗaya a kan firiji. In an kunna, ba abin da kake ji sai dum-dum, kwanukan kabad na rawa. Wannan ma sauti-sak ne? In sunan na kaya ne, to mun mallaka. In na abin da kunne ke ji ne, ba mu gan shi ba tukuna.

Mai gyaran ampli:
Hajiya, ɗakin ne ke waƙa, ba kayan ba. Kusurwa na kumbura sautin ƙasa, siminti da tayil kuma suna maido da amo. A janyo su daga bango kamar kamu ɗaya ko biyu, a daidaita tsayinsu da kunnen mai zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa wurin zama. A shimfiɗa darduma, a saki labule. Ko dala ba za a kashe ba. A raba lasifikar nan da firiji kuma don Allah. Wanda ke son ƙara kuɗi a kayansa, lasifika zai fara canzawa kafin ampli, sannan ya sayi regilata saboda hawa da saukar kuran. Wayoyi masu tsadar nan su ne na ƙarshe, in ma an saya.

Mai buɗe zance:
Tambayar Hajiya ta warware mini abin da ban iya rabawa ba. Sak siffar abin da ya iso kunne ce, kayan kuwa hanya ce. Saboda haka zan rubuta "sauti-sak" a wurin hi-fi, "kayan sauti-sak" a wurin shen ɗin da ta cancanci sunan. Kalmar tana karɓar korewa ba wahala, abin da "mai amana" ba ta yi: "wannan ba sak ba ne", "ya kusa sak". Tana kuma tona asirin tushe. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, daga sauti mafi kauri, hertz 20, zuwa mafi siranta, hertz 20,000. Waƙar da aka matse, aka tura ta WhatsApp hannu zuwa hannu, ta zubar da wani abu a hanya, kuma babu amplin da zai maido shi. Gwajin da zan ba masu karatu shi ne su je shago da kiɗan da suka sani da kunnensu a fili. Kalangu ya fi dacewa, domin ana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya murya ta hau. Goge kuma yana fallasa lasifika mai tsawa.

Ɗalibi:
Na sallama, Baba ya kayar da ni. Amma ƴan kasuwa ba za su bar "shen" ba.

Tsohon mushe:
Su riƙe abinsu, ba mu hana ba. Shen sunan abin da ke cikin kwali ne, kuma ta zauna a baki. Ampli ma a bar shi yadda yake. Wadda ta rage muna ita ce abin da Faransawa ke kira basses da aigus. Mu nan Adar muna cewa murya mai kauri da siririyar murya, sai ku gwada "kauri" da "siranta" ku ji ko sun zauna.

Mai gyaran ampli:
Kauri ta zauna, Baba. Siranta ce nake shakka, don masu kawo mini gyara "tsini" suke cewa in ƴar ƙaramar ta mutu: "tsinin ya ɗauke". Zan saurari bakin mutane a shago wannan mako in dawo muku da wadda ta fi yawa.