Shin manhaja za ta iya karanta labarin zuciya daga fuska?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina ƙoƙarin haɗa manhajar koyar da lissafi wadda za ta riƙa gane lokacin da ɗalibi ya ƙosa ko kansa ya kulle, domin ta sassauta masa tambayoyi. Tun da an ce labarin zuciya a tambayi fuska, na yi tunanin amfani da kyamara. Shin wannan hanya abin dogaro ce?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan fage na sa na'ura ta gane yanayin zuciyar mutum ya daɗe, domin Rosalind Picard ta jami'ar MIT a Amurka ta wallafa littafi a kansa tun 1997. Yawancin manhajojin kyamara an gina su ne kan ra'ayin masanin halayyar ɗan'adam Paul Ekman cewa akwai yanayi shida da fuska ke nunawa iri ɗaya a ko'ina: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Sai dai a 2019 wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Lisa Feldman Barrett, da abokan aikinta sun bi diddigin bincike sama da 1,000, suka nuna cewa motsin fuska kaɗai bai isa hujja ba. Mutum yakan ɗaure fuska saboda ya tattara hankalinsa kan aiki, alhali ba fushi yake ba, kuma kowa ya san murmushin yaƙe. A wurinka wannan babbar matsala ce, domin ɗalibin da ya nutsa cikin lissafi shi ne manhajar za ta ɗauka ya gaji, ta sauƙaƙa masa aiki daidai lokacin da yake dab da ganewa.

Malamar Aji:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin yaran. Fuskar yaro amana ce, kuma duk wanda ya san kyamara na kallonsa ba zai saki jiki ya yi kuskure ba, ga shi kuwa da kuskure ake koyo. A 2022 kamfanin Microsoft ya sanar da janye fasahar karanta yanayin zuciya daga fuska daga Azure, tsarinsa na hidimomin kwamfuta ta intanet, sannan dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta haramta ta a makarantu da wuraren aiki, sai dai don lafiya ko kare rai.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. To idan na ajiye kyamara, da me zan auna?

Tsohon Injiniya:
Ka duba abin da ɗalibin yake yi: tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa, sau nawa ya goge amsarsa, da ko kuskure iri ɗaya yake maimaitawa. Idan alamun suka taru, kada manhajar ta yanke masa hukunci cewa ya gaji. Ta tambaye shi ko yana son ƙarin bayani ko hutu, ta kuma adana zaɓinsa a cikin na'urarsa kawai.