Ali da Tyson: da wane ma'auni za a raba wannan gardama?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin masana damben boksin na wannan zaure. Gardamar Muhammad Ali da Mike Tyson ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu, kuma ni aka ɗora wa alƙalanci. Dattawa sun ce Ali zai yi ta wasa da shi har a tashi, matasa sun ce ba za a kai turmi na uku ba. Babbar hujjar matasan ita ce Larry Holmes da Trevor Berbick sun doke Ali, shi kuwa Tyson ya zubar da su duka biyun. Wannan hujja ce? In ba ita ba, me zan duba?

Tsohon Koci:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara ajiye wannan hujja a gefe. Ali yana da shekara 38 lokacin da ya hau da Holmes a Oktoban 1980, bayan shekara biyu bai yi wasa ba. Da Berbick kuwa Disamban 1981 ne, saura wata ɗaya ya cika 40. Shi ma Holmes ɗin da Tyson ya kayar a turmi na 4 a Janairun 1988, shekararsa 38, kuma ya yi kusan shekara biyu a gida.

Kafin kowa ya buɗe baki, ka sa su amince da sharuɗɗa. Wane Ali? Na 1966 da ya gama da Cleveland Williams a turmi na 3 daban yake da na 1974, saboda an dakatar da shi daga 1967 zuwa 1970, ya dawo ƙafa ta yi nauyi. Wane Tyson? Ka tsaya a kan na 1986 zuwa Yunin 1988, lokacin da Kevin Rooney ke horar da shi, har ranar da ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Sai yawan turmi: 15 irin na zamanin Ali ko 12. Sai faɗin fage, ƙafa 16 ko ƙafa 20, domin ƙafa huɗun nan su ne wurin gudun Ali. Sai alƙalin wasa. In ba a tsayar da waɗannan ba, kowa wasansa daban yake kallo a ransa.

Na Tyson:
Baba Koci ya yi gaskiya, amma bari in ba matasa hujjar da ta fi wadda suka riƙe. Ku duba abin da ya riƙa kai Ali ƙasa. Sonny Banks a 1962, Henry Cooper a Landan a 1963, Joe Frazier a turmi na 15 a Maris ɗin 1971. Duka ukun naushi iri ɗaya ne, na hagu mai lanƙwasowa ta gefe. Dalili kuwa a fili yake: Ali na sauke hannun dama, kuma yana kauce wa naushi ne ta hanyar jan kai baya a miƙe. Wanda ya taka ƙafa ya biyo shi da naushi na biyu ko na uku zai iske haɓar tana jira.

Wannan kuwa shi ne abincin Tyson. Salon da Cus D'Amato ya koya masa: safar hannu biyu manne da kumatu, kai na kaɗawa hagu da dama, ya duƙa ƙarƙashin naushin gaba, ya shigo da taku ɗaya. In ya shigo, dama a haƙarƙari, daman nan kuma ta taso daga ƙasa zuwa haɓa, sai hagu ta rufe. Frazier hagu ce kawai makaminsa, kuma sai an yi turmi biyu ko uku yake ɗumama. Tyson hannu biyu ne, kuma daga ƙararrawar farko yake farawa. Kada kuma a ruɗu da gajartarsa. Ranar Spinks nauyinsa kusan kilo 99, Ali ranar Williams kusan kilo 96.

Mai cewa gudu zai cece shi ya kalli Tyrell Biggs a Oktoban 1987. Dogo, mai lambar zinariya ta Olamfik, ya yi ta zagaye yana tsikara a turmin farko. Dukan ciki ya cinye masa ƙafa, aka gama a na 7.

Malamin Lissafi:
Malam Na Tyson, Biggs ba Ali ba ne, wasansa na 16 ke nan a matsayin ƙwararre. Ga alƙaluma: Ali tsayi santimita 191, faɗin hannu biyu a buɗe 198. Tyson tsayi 178, faɗin hannu 180. Tazarar santimita 18 na nufin sai Tyson ya ratsa naushin gaba na Ali duk lokacin da zai taɓa shi.

Sannan ku bar kallon gajerun bidiyon kisa, ku kalli wasannin da suka kai ƙarshe. James Tillis a 1986 ya yi turmi 10 da shi da zagaye da tsikara, maki kuma ba su yi nisa ba. James Smith da Tony Tucker a 1987 kowanne ya kai 12. Abin da za ka gani a ukun nan: in aka rungume Tyson, yakan yarda a tsaya har alƙali ya raba. Ba ya yin abin da Frazier ke yi, na cusa kai a ƙirji yana sarar haƙarƙari da hannun da ya kuɓuta. Kuma in an wuce turmi na 5 ko na 6, kaɗa kan nan yana raguwa, jerin naushi ya koma ɗaya-ɗaya.

Batun haɓa kuma: duk faɗuwar da ka lissafa, Ali ya tashi. Ya ci Banks, ya ci Cooper a turmin da ya biyo baya, ya gama wasa da Frazier a tsaye. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, duk da haka ya cika turmi 12. Tyson kuwa bai taɓa cin wasan da aka kai shi ƙasa a ciki ba.

Na Tyson:
Ai a shekarun da aka zaɓa babu wanda ya kai shi ƙasa. In kayen da Buster Douglas ya yi masa a Tokyo a 1990 kake nufi, wannan bayan an kori Rooney ne, har ƙarfen danne kumburin ido masu kula da Tyson ba su zo da shi ba.

Alƙalin Gefe:
Maganar alƙalin wasa da Baba ya ambata a gurguje, ita ce rabin shari'ar. A karon Ali na biyu da Frazier, Janairun 1974, Tony Perez ya bar Ali yana riƙe ƙeyar Frazier yana danna kansa ƙasa duk lokacin da ya matso, Ali ya ci da maki. A Manila a 1975 Carlos Padilla ya hana wannan riƙon, sai aka yi dukan da Eddie Futch, kocin Frazier, ya tsayar bayan turmi na 14. Shi kuwa Mills Lane har maki ya rage wa Smith saboda yawan rungumar Tyson. In ka ba su alƙali irin Perez, ka ba Ali wasan. In irin Lane ne, dole Ali ya dogara da ƙafarsa kaɗai.

Mai Tambaya:
Na gode ƙwarai. Dattawan suna yawan kawo dabarar jingina da igiya da Ali ya yi wa George Foreman. Za ta yi aiki a nan?

Tsohon Koci:
Kada ka karɓa musu. A Kinshasa a 1974 abubuwa sun taru ne: igiya sako-sako da ta ba shi damar karkata can baya, zafi mai ɗauke numfashi, da Foreman mai wurgo naushi daga nesa, wanda wasanninsa da Frazier da Norton duk a turmi na 2 suka ƙare, bai san tanadin ƙarfi ba. Ya gaji, ya faɗi a na 8. Naushin Tyson gajere ne, yana bi ta tsakanin gwiwar hannu biyu, kuma ba ya ɓarnar ƙarfi haka. Wanda ya jingina masa ya miƙa masa haƙarƙari ne.

Ni hukuncina: Ali na 1966, fage ƙafa 20, turmi 15, Ali ne, da maki ko a tsayar bayan na 11. Amma turmi huɗun farko na Tyson ne, kuma ba zan yi mamaki ba in Ali ya taɓa ƙasa a cikinsu. In Ali na 1974 ne a turmi 12, Tyson na iya tara makin farko da ba za a kamo ba. Ka sa su kalli Ali da Frazier na 1971 da Tyson da Tucker daga farko har ƙarshe, kowa da takarda yana ba da maki turmi-turmi, 10 ga wanda ya ci turmin, 9 ga ɗayan.

Na Tyson:
Baba, na yarda da 15. A 12 da fage ƙafa 18 dai ban janye ba, ko da Ali na 1966 ne.