Farautar lambar firam da laftof ɗina: in shiga ko in haƙura?

Abba_Lissafi: Salam 'yan'uwa. Ina aji uku a sashen lissafi. Ina son shiga GIMPS, aikin da George Woltman ya fara a 1996 inda masu sa-kai ke barin kwamfutocinsu suna neman lambobin firam na Mersenne. Firam lamba ce da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta; ta Mersenne kuwa ita ce firam ɗin da ake samu in an ninka 2 da kanta sau da yawa an cire 1. Mafi girma da aka sani ita ce ta Luke Durant a Oktoban 2024: a jera 2 sau 136,279,841 a ninka, a cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. Laftof ɗaya gare ni, da ita zan yi furojet. In bar ta tana aiki dare da rana, ko in tara in sayi tsohuwar desktof?

Sadiq_Gyara: Sayi sola kawai.

Malam Tanimu: Ɗana, ka fara da fahimta. Ba kowace irin wannan lamba ce firam ba. Jera 2 sau 11 ka ninka, ka cire 1, 2047 ke nan, kuma 23 sau 89 ce. Firam na Mersenne guda 52 kacal aka sani zuwa yau.

Ummu Hanan: Ƙanena, ka ji tsoron Allah ka bar laftof ɗin nan. Ni na bar tawa a kunne cikin zafin Afrilu, a kan katifa, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Da asuba na tarar ta yi shiru, ƙasanta ba ya taɓuwa. Babi uku na furojet ɗina suna ciki. Mai gyara ya karɓi dubu 45, ya riƙe ta wata guda, ya dawo min da ita ba had-dis ɗina (ma'ajiyar bayanai) na asali. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sadiq_Gyara: Dubu 45? An cuce ki Hajiya, 20 muke yi.

Bello Zariya: Wace 20? Ni 60 na biya.

Malam Tanimu: Yaron nan lissafi ya tambaya, masu gyara sun ƙwace zancen.

Sadiq_Gyara: Malam, da girmanka, in ta ƙone allo da alli ba za su tashe ta ba. Gare mu za a kawo.

Ɗan Fulani: Abba, in ka samo lambar ka turo min a matsayin alat 😂

Abba_Lissafi: Dala 3,000 ce ladan sabuwar lamba, amma ba don kuɗi nake so ba. Desktof ɗin fa?

Ummu Hanan: Shi Durant ɗin a Nvidia, kamfanin kayan kwamfuta, ya yi aiki, dubban injina ya yi haya ta intanet. Kai da wace wutar? Unguwarmu kwana huɗu ba a ƙyalla ta ba.

Bello Zariya: Mu da ba mu da mita ma mun fi shan wahala. Taransifomarmu ta lalace, aka ce kowane gida ya kawo dubu 10, bil kuma bai fasa zuwa ba. Wa ya san inda ake kai ƙara a saurare ka?