Wane suna za mu ba "chip" da Hausa?

1/ Malamai da 'yan jarida, ina neman shawararku. Idan aka ce kamfani zai faɗaɗa masana'antar kayan laturoni ya ɗauki ma'aikata, labarin kan zo mana a dunƙule, alhali aiki iri biyu ne. Akwai masu ƙera ɗan mitsitsin abin nan da Turawa ke kira chip, akwai kuma masu harhaɗa waya da kwamfuta da shi. Shi wannan chip ɗin ne har yau ba mu raɗa wa suna ba.

2/ Ga mai neman aiki, bambancin babba ne. A 2024 kamfanin TSMC na Taiwan, mai ƙera chip, ya ware dala biliyan 65 don masana'antu uku a jihar Arizona ta Amurka, amma ayyukan kai tsaye da ya yi alkawari kusan 6,000 ne. Kamfanin Foxconn kuwa, a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin inda ake harhaɗa iPhone, ma'aikatansa kan kai 200,000. A ta farko injiniyoyi ne rufe da fararen kaya daga kai har ƙafa, domin ƙura kaɗan na iya ɓata aiki. A ta biyu hannaye ake nema, mutane a jere kaya na wucewa gabansu, wannan ya sa batir, wancan ya ɗora gilashi.

3/ An ba ni shawarar "ƙwaƙwalwar na'ura". Tana da daɗin ji, sai dai ba kowane chip ke lissafi ba: wani ajiyar bayanai yake yi, wani cajin batir kawai yake daidaitawa. "Cif" kuma ta ci karo da cif joji. "Gutsure" ban yarda da ita ba sam. Gutsure ragowa ne, shi kuwa wannan da awo ake yanko shi daga faifan sinadarin silikon mai faɗin milimita 300, faifai ɗaya ya ba da ɗaruruwa.

4/ Ni dai ina kan "ƙwayar laturoni". Mun riga mun ce ƙwayar zarra, ƙwayar halitta, ƙwayar cuta, duka ƙananan abubuwa masu babban tasiri. Wani dattijo ya ja hankalina cewa matasa za su tuna ƙwayar maye. Allah ya ƙara girma, gaskiya ne, amma "laturoni" na biye da ita tana tsare ma'anar.

5/ Sai mu riƙa rubuta "masana'antar ƙera ƙwayoyin laturoni" daban da "masana'antar harhaɗa kayan laturoni", mai karatu ya san ko digiri ake nema ko horon 'yan makonni. Wanda ke da wadda ta fi wannan, don Allah ya kawo ta tare da jam'inta.