Ta yaya za mu yi amfani da wasan kwaikwayo wajen magana kan ciwon daji?

Ma'aikaciyar jinya:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen masu ciwon daji, kuma na lura cewa shirun da ke kewaye da majinyata yana cin ransu ƙwarai, domin sau da yawa ko sunan cutar 'yan uwansu ba sa iya furtawa a gabansu. Muna son shirya wasan kwaikwayo ranar 4 ga Fabrairu, wato Ranar Ciwon Daji ta Duniya. Shin majinyatan ne ya kamata su hau dandamali, ko 'yan wasa? Kuma yaya za mu faɗi gaskiya ba tare da mun firgita masu kallo ba?

Malamin wasan kwaikwayo:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki duba salon da Augusto Boal, ɗan ƙasar Birazil, ya ɓullo da shi a shekarun 1970. Ana nuna gajeren wasa da ya ƙare cikin matsala, misali matar da danginta suka ɓoye mata sakamakon gwajinta, sannan a maimaita shi, duk mai kallon da ya ga inda aka kauce hanya sai ya tsayar da wasan, ya karɓi matsayin matar, ya gwada tasa mafitar. Wanda ya ari bakin wani yakan faɗi abin da kunya ta hana shi faɗa da nasa.

Wadda ta yi jinya:
'Yar'uwa, an cire mini mama ɗaya, na kuma sha allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, har gashina ya zube. Roƙona shi ne kada ku rufe wasan da makoki, kada kuma ku rufe shi da warkewar dare ɗaya. Ku nuna rayuwar da ke tsakani: gajiyar da ke biyo bayan allura, komawa bakin aiki, fargabar ranar karɓar sakamako, da dariyar da muke yi duk da haka. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ranar da aka ware mini kofi, alhali cutar ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Da zan ga wannan a dandamali, da na ji an fahimce ni.

Likita:
Kada a matsa wa kowa ya fito. Wanda ya ba da labarinsa a nuna masa rubutun tukuna, a sauya abin da zai sa a gane shi. Kuma a tanadi likitan da zai amsa tambayoyi bayan wasan, domin a lokacin ne mai ɓoye ƙullutu a jikinsa yakan matso ya yi tambaya.